Yadda ake koyon magana gaban jama'a cikin mako takwas, da yadda ake ɗorewa a kai

Masu karatu da dama sun sha aiko da tambaya iri ɗaya. Wani ɗalibi ne da ya kusa kare kundin bincikensa gaban malamai, wani ma'ajin ƙungiya ne da aka ce ya tashi ya karanta rahoton kuɗi, wata kuma an ɗora mata jawabin godiya a walimar saukar karatu. Kukansu ɗaya: suna da abin faɗa, amma da an miƙo makirufo sai gaba ya faɗi, baki ya bushe, gwiwoyi su kama rawa. Yawancinsu sun taɓa ɗaura niyyar gyarawa, suka yi kwana uku suna gwaji gaban madubi, daga nan shiru kake ji.

Tsoron taro yana raguwa ne idan mutum ya yi ta buɗe baki gaban mutane, daga kaɗan zuwa masu yawa, a kai a kai, har jiki ya saba. Shi ya sa ba a raba maganin tsoron da maganin rashin ɗorewa. Tsarin da ke tafe na mako takwas ne, minti 15 a kowace rana. Domin komai ya fito fili, za mu riƙe misali ɗaya har ƙarshe: jawabin minti biyar a taron unguwa, inda za ka nemi a haɗa kuɗi a yashe kwata kafin damina. Ɗalibi ko ma'aikaci sai ya sa nasa batun a gurbin wannan.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Waya mai ɗaukar murya da bidiyo, wadda ke hannunka ta isa. Ƙananan kwalaye biyar daidai tafin hannu. Bayan tsofaffin katunan gayyatar biki yana yi sosai, domin kwalinsu da kauri, ba ya karkarwa a hannu kamar fallen takarda. Biro mai kaurin baki. Kalandar bango da ƙaramin littafin rubutu. Sai mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, wanda zai riƙa tambayarka inda aka kwana. In ka cire biro da littafi, babu abin da za ka saya.

Gargaɗi: kada ka fara da biyan kuɗin kwas ɗin da aka yi maka alkawarin zai cire maka tsoro cikin kwana uku. Kwas mai kyau yana da amfani idan za a tsayar da kai ka yi magana a gyara maka. Wanda za ka zauna kana sauraro kawai, ko kana kallon bidiyo, ba ya taɓa inda ciwon yake.

1. Sa rana kafin komai

Nemi taro na gaske da za a yi nan da mako shida zuwa takwas, ka je wurin mai shirya shi ka ce a sa sunanka cikin masu magana. Tambaye shi abu huɗu: minti nawa za a ba ka, mutum nawa ake sa rai, su wa za su zauna a gaba, kuma akwai lasifika ko babu. Rubuta ranar a kalanda, ka faɗa wa mutumin nan da ka zaɓa.

Mutane da yawa suna juya wannan tsari, su ce bari su koya tukuna sannan su nemi dama. Koyon da ba shi da ranar biya ba ya nisa. Duk wata hidima da ta taso sai ta ture shi, tunda babu wanda ke jiran sakamako.

Gargaɗi: kada karon farko ya zama babban taro mai ɗaruruwan mutane in kana da zaɓi. Mutum 20 zuwa 40 da ka sani sun wadatar. In kuwa ranar an riga an yanka maka ita, kamar ranar kare kundi, sai ka matse matakan su shiga kwanakin da suka rage, amma kada ka tsallake na biyu da na biyar.

2. Jera abubuwan da kake tsoro daga ƙarami zuwa babba

A shafin farko na littafinka, rubuta yanayi takwas zuwa goma na magana, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda gabanka ke faɗuwa in ka tuna shi. Ga yadda jerin mutum ɗaya zai iya kasancewa:

Karanta shafi ɗaya da ƙarfi, kai kaɗai a ɗaki (1).
Tura saƙon murya na minti ɗaya a rukunin WhatsApp na dangi, a ɗauka ɗaya, ba gogewa (3).
Tsayawa ka yi wa mutum biyu na gida bayani na minti biyu (4).
Ɗaga hannu ka yi tambaya ɗaya a aji ko a taro (5).
Yin gajeriyar sanarwa a Islamiyya ko bayan salla, da izinin liman (6).
Gabatar da baƙo ko buɗe taro da addu'a (7).
Jawabin minti uku gaban abokai goma (8).
Jawabin ranar taro (10).

Jerinka ba lallai ya yi daidai da wannan ba. Wani magana gaban baƙi ba ta damunsa, gaban surukai ko malamansa ne harshe ke sarƙewa. Wata gaban mata ɗari za ta yi bayani tiryan-tiryan, amma maza biyar suka shigo sai murya ta ɗauke. Jera naka bisa gaskiyar abin da kake ji.

Dokar hawa ita ce wannan: ka maimaita mataki ɗaya har sai makinsa ya sauko zuwa kamar rabin inda ya fara, sau biyu a jere, sannan ka wuce na gaba. Kafin kowane gwaji rubuta makin da kake ji da abin da kake tsoron zai faru, misali "za su yi mini dariya". Bayan ka gama, rubuta abin da ya faru a zahiri. Cikin mako biyu za ka ga tazarar da ke tsakanin layukan nan biyu, kuma ganin hakan da rubutun hannunka ya fi duk wani lallashi tasiri.

Gargaɗi: in ka fara, kada ka katse a tsakiya don tsoro ya yi yawa. Sauƙin da ake ji bayan an gudu shi ne yake koya wa jiki cewa gudun ne ya cece shi, sai tsoron ya dawo da ƙarfinsa a karo na gaba. In ka ga mataki ya fi ƙarfinka, kammala shi ko da jimla biyu ne, sannan ka ƙirƙiro wani mai sauƙi tsakaninsa da na baya. Haka nan ka lura da dabarun ɓuya: kafa ido a ƙasa, zuba magana da gudu don a gama, ɓoye fuska bayan takarda. Duk wanda ya yi gwaji goma da waɗannan, kusan bai yi komai ba.

3. Ɗaura atisayen a jikin abin da ba ka fashinsa

A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, don haka za mu ɗan daɗe. "Zan riƙa gwaji kullum" buri ne kawai, ba shi da lokaci ba shi da wuri. Abin da ke aiki shi ne jimla mai wannan siga: idan kaza ya faru, zan yi kaza, a wuri kaza. Misali: "Idan na dawo daga sallar Asuba, kafin in taɓa waya don duba saƙonni, zan tsaya a zaure in yi magana minti 15." Ko kuma: "Idan yara suka fita makaranta na rufe ƙofa, zan jingina waya a kan firji in ɗauki kaina." Masanin halayyar ɗan'adam Peter Gollwitzer ya daɗe yana bincike a kan irin wannan ƙuduri, kuma abin da aka gani shi ne masu ƙayyade lokaci da wuri sun fi cika niyyarsu a kan masu niyya tsura. Mu da rayuwarmu ke tafiya bisa lokutan salla biyar muna da turaku a kafe, sai dai mu zaɓi wanda za mu ɗaure.

Zaɓi safe in da hali. Atisayen da aka bari sai dare shi ne wanda baƙo, gajiya ko ɗaukewar wuta ke cinyewa.

Duk ranar da ka yi, ja gicciye babba a kalanda. Rataye ta inda mutanen gida ke gani. Kowace Juma'a tura wa mai bibiyarka hoton kalandar da saƙon murya ɗaya daga cikin waɗanda ka ɗauka. Zaɓi wanda ba zai yi maka kara ba. Aminin da kullum zai ce "ba komai, Allah ya kai mu gobe" bai dace da wannan aiki ba.

Tanadi ƙaramar siga don ranar da abubuwa suka cakuɗe: minti biyu kacal, ka faɗi buɗewar jawabinka da ƙarfi sau ɗaya. Ranar biki, ranar tafiya, ranar zazzaɓi mai sauƙi, ita za ka yi, kuma ta cancanci gicciyenta. In azumi ko hutun makaranta zai shigo cikin makonnin nan, sauya lokacin tun kafin ya zo, domin canjin tsarin yini ne ya fi kashe sabuwar ɗabi'a.

Kada kuma ka yarda da zancen da ke yawo cewa ɗabi'a tana kafuwa cikin kwana 21. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a University College London, wanda ya fito a 2009, ya nuna tsaka-tsakin lokacin ya kai kwana 66, wasu kwana 18, wasu har 254. Binciken ya kuma nuna fashin rana ɗaya ba ya rushe ginin. Ke nan in ka kai mako na huɗu har yanzu kana jan ƙafa kafin ka fara, ba wata matsala gare ka ba, haka abin yake. Dokar da za ka riƙe ita ce kada fashi ya kai kwana biyu a jere.

Gargaɗi: kada ka haɗa wannan da wasu sauye-sauye uku a lokaci guda. Mai cewa daga Litinin zai fara motsa jiki, ya bar shan zaƙi, ya haddace shafi kullum, ya kuma koyi jawabi, kafin Litinin ta zagayo ya ajiye duka. Ɗauki ɗaya, saura su jira mako takwas.

4. Gina jawabin

Fara da jimla ɗaya da kake son kowa ya tafi gida da ita. A misalinmu: "Kowane gida ya kawo gudummawarsa kafin ƙarshen watan Afrilu, domin a yashe kwatar layinmu kafin ruwan farko." In ba ka iya faɗin saƙonka a jimla ɗaya ba, ba ka gama tunani ba tukuna, kuma rabin tsoron da mutane ke ji daga nan yake fitowa. Wanda bai san inda za shi ba dole ya yi ta inda-inda.

Sai ka raba minti biyar ɗin kamar haka. Daƙiƙa 30 na sallama da gaisuwa. Minti ɗaya da rabi na halin da ake ciki, da misali ɗaya da kowa ya gani da idonsa, kamar gidan da ruwa ya shiga bara ko inda yara ke tsallake ruwan kwata in za su makaranta. Minti ɗaya da rabi na abin da za a yi: leburori nawa, kwana nawa, nawa ne jimillar kuɗin, wa zai riƙe su. Minti ɗaya na abin da ake so daga kowane gida da ranar ƙarshe. Daƙiƙa 30 na maimaita jimlar nan taka da godiya.

Gaisuwa tana buƙatar kulawa ta musamman, domin a wurinmu kuskure a nan ya fi kuskure a lissafi zafi. Tambayi mai shirya taro tun da wuri su wa za su halarta, da sarautarsu ko muƙaminsu daidai, da wanda ke gaba da wani. Rubuta su a kati na farko. A taron unguwa abin da aka saba shi ne a fara da mai unguwa, "ranka ya daɗe", sai liman, "Allah ya gafarta malam", sai iyaye maza da iyaye mata, sannan 'yan'uwa matasa. In manyan suna da yawa, ambaci biyu ko uku na sama, ka haɗa saura da "da sauran manyan baƙi, kowa da girmansa". Mai jero sunaye goma sha biyar ya cinye rabin lokacinsa, kuma wanda aka manta da shi ne zai riƙe abin a zuci.

Abin da za ka haddace kalma da kalma shi ne jimloli biyu na farko bayan gaisuwa, da jimla ta ƙarshe. Tsakiyar kuwa ma'ana za ka riƙe. A kowane kati rubuta kalmomi biyar zuwa bakwai da manyan baƙaƙe, da alƙaluman da ba ka son kuskurewa. Sa wa katunan lamba, ka huda kusurwa ka zura zare, don in sun suɓuce daga hannu kada su watse.

Gargaɗi: kada ka haddace jawabin gaba ɗaya kamar karatun allo. Kalma ɗaya ta ɓace, duk abin da ke bayanta ya tafi da ita. Kada kuma ka buɗe da ban haƙuri irin "ni dai ban iya magana ba" ko "ban shirya ba, ku yi mini uzuri". Ana ɗaukarsa tawali'u, amma abin da yake yi shi ne ya sa jama'a su fara neman kuskuren da ba su lura da shi ba.

5. Maimaita da murya, a tsaye, waya tana ɗauka

Maimaitawa a zuci ba ta shiga lissafi. Baki, numfashi da ƙafafu ne za su yi aikin ranar, su ne kuma ke buƙatar sabo.

Mako na 1 da na 2: kowace rana zaɓi batun da ka sani sarai, kamar yadda ake dafa wani abinci ko hanyar zuwa garinku, ka yi magana minti biyu kana ɗaukar murya, ka saurara, ka sake. A gefe guda kana hawa matakan farko na jerinka. Muryarka za ta yi maka banbaraƙwai a waya. Kowa haka yake ji, domin mun saba jin muryarmu ta cikin ƙasusuwan kai. Abin da wayar ta ɗauka shi ne abin da mutane suka daɗe suna ji, kuma bai dame su ba.

Mako na 3 da na 4: rubuta jawabin, yi katunan, fara maimaita shi kashi-kashi. A nan za ka ƙirga kalmomin cike gurbi. Kowa da nasa: "wato", "ka gane", "e to", "a gaskiya", "shi ne dai". Saurari minti biyu na muryarka, ja layi a takarda duk sanda ɗaya ta fito. Maganinsu shi ne rufe baki. Inda za ka ce "wato", yi shiru na daƙiƙa ɗaya ka ja numfashi. Kai za ka ji shirun ya yi tsawo, mai sauraro kuwa natsuwa zai gani.

Mako na 5 da na 6: koma bidiyo, jawabin gaba ɗaya, da agogo. Jingina wayar daidai tsayin fuska, taku uku daga inda kake. Kalli bidiyon sau biyu: na farko ba murya, don ka ga abin da hannaye da ƙafafu ke yi, na biyu ka kifa wayar ka saurara kawai. Gyara abu ɗaya tak a kowace rana. Yawancin masu yin haka suna mamakin yadda rawar jikin da suke ji kamar za ta kayar da su ba ta fito a hoton ba sai kaɗan. Ka sa jawabin ya ƙare a minti huɗu da rabi, domin ranar taro akwai amsa sallama, gyaran makirufo da tafi.

Mako na 7 da na 8: gaban mutane. Tara uku, sannan goma. Kada ka tambaye su "ya kuka gani?", za su ce ma sha Allah. Tambaye su: me na nemi ku yi? A ina hankalinku ya tafi wani wuri? Wace kalma na yi ta nanatawa? In sun kasa amsa ta farko, koma mataki na huɗu, na gina jawabin. Gwaji biyu na ƙarshe ka yi su da kayan da za ka sa ranar. Mai babbar riga ya san yadda zai yi da hannunta alhali yana riƙe da makirufo da kati. Mai mayafi ta kafa shi da fil yadda ba sai tana gyarawa ba, ta kuma gwada takalmin a tsaye na minti goma.

Gargaɗi ga ɗalibai: kada ku cika allon nuni da rubutu ku juya wa malamai baya kuna karantawa. Ku fitar da shafukan a takarda, ku kuma gwada jawabin sau ɗaya ba na'ura, saboda wuta na iya ɗaukewa ana tsaka da bayani.

6. Jajibiri da safiyar ranar

Daren jajibiri maimaita sau ɗaya, ka ajiye. Kada ka sauya komai a jawabin. In barci ya ƙi zuwa da wuri kada ka tayar da hankali, dare ɗaya ba ya hana jawabin minti biyar.

Ci abinci mara nauyi awa biyu kafin lokaci. Yunwa tana ƙara karkarwa, cika ciki da tuwo kuma yana takura numfashi. Rage kofi, goro da lemon ƙara kuzari, domin sinadarin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya, kai kuwa taka tana gudu da ma. Riƙe ruwa mara sanyi sosai.

Isa wurin minti 30 kafin a fara. Tsaya daidai inda za ka tsaya, ka dubi kujerun. In da makirufo, gwada shi da jimlarka ta farko, ba da hura iska ko ƙwanƙwasawa ba. Riƙe shi ƙasa da leɓe kaɗan, tazarar yatsu huɗu, kuma in ka juya kai ya bi ka. Kada ka tsaya gaban lasifika ko ka nuna mata kan makirufo, nan ne ƙarar nan mai huda kunne ke tashi. Gaisa da mutum uku ko huɗu da suka riga zuwa, don ka sami fuskokin da ka sani a cikin taron.

Minti biyar kafin a kira ka, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ciki ya kumbura ba kafaɗu ba, ka sake shi a hankali ta baki kana ƙirga shida ko takwas. Yi haka sau shida. Tsawaita fitar da numfashi ne ke sassauta bugun zuciya. Haki da sauri kuwa jiri yake kawowa. Musulmi da yawa suna karanta addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, da ke Suratu Ɗaha aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji, ya sauƙaƙa masa al'amari, ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Karanta ta a hankali, da ma'anarta a zuci.

Kada ka jira bugun zuciya ya tsaya, ba zai tsaya ba, kuma ba a buƙatar ya tsaya. Jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin don ya shirya ka. Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta wallafa bincike a 2014 da ya nuna waɗanda suka ce wa kansu ɗoki suke yi kafin jawabi sun fi waɗanda suka yi ta ƙoƙarin kwantar da hankali yin abin kirki. Ce wa kanka "ɗoki ne", ka tashi.

7. Kana tsaye

Taka a natse. Kafa ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka saki gwiwoyi kaɗan, domin ƙame su ne ke ƙara musu rawa. Yi shiru na daƙiƙa biyu, sannan sallama. Jira a amsa gaba ɗaya. Wannan jiran kyauta ce, ja numfashi a cikinsa. Minti na farko ne mafi wuya, shi ya sa ka haddace jimlolin farko.

Maganar ido tana da sarƙaƙiya a wurinmu, tunda an tarbiyyantar da mu kada mu ƙura wa babba ido. Ba a ce ka yi hakan ba. Lokacin gaisuwa fuskanci manya ka ɗan rusuna. Bayan haka zaɓi mutum uku, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, cikin masu gyaɗa kai, ka riƙa ba kowanne jimla ɗaya ko biyu. Murya kuwa ka aika ta ga na layin ƙarshe. In wuta ta ɗauke, ajiye makirufo, matso gaba taku biyu, ka ci gaba.

In kai ya kulle, kada ka ce "na manta". Kurɓi ruwa, dubi kati, maimaita jimlar da ka faɗa ta ƙarshe da wasu kalmomi. In abin bai dawo ba, wuce kati na gaba. Babu wanda ya san abin da ka tsallake sai kai. In ka yi tuntuɓen harshe aka yi dariya, murmusa, gyara kalmar, ka wuce.

Wajen tambayoyi, saurara har mai tambaya ya dire, ka maimaita tambayar a taƙaice don na baya su ji, kai kuma ka sami lokacin tunani. Abin da ba ka sani ba ka ce, "Wannan ba ni da tabbacinsa yanzu, zan bincika in kawo amsa ranar kaza." In dattijo ya yi gyara, ko da kana ganin bai yi daidai ba, fara da "Na gode, Baba, an ƙaru", sannan ka kawo hujjarka a tausashe. Musu da malami ko babba gaban jama'a bai taɓa ƙara wa mai jawabi maki ba.

8. Bayan an tashi

Kafin awa ɗaya ta wuce rubuta layi uku: abu biyu da suka tafi daidai, abu ɗaya da za a gyara. Rufe littafin. Kwana ana juya kuskure ɗaya a zuci yana mayar da tsoron inda ya fito.

Sannan, tun jikinka bai huce ba, nemi dama ta gaba cikin mako biyu zuwa uku. Mutane da yawa suna yin jawabi ɗaya mai kyau su yi wata shida ba su sake ba, sai su tarar an koma gidan jiya. Rage atisayen zuwa kwana uku a mako, a lokacin nan dai da ka saba, ka kuma nemi wurin da magana ke zagayowa kanka a kai a kai: ƙungiyar muhawara ta makaranta, ƙungiyar ɗalibai, darasin mako na Islamiyya ko na majami'a, taron iyaye da malamai, muƙamin sakatare a ƙungiyar sana'a. Ƙungiyar Toastmasters ta koyon magana gaban jama'a, wadda aka kafa a Amurka a 1924, tana da rassa a manyan biranen Najeriya irin su Abuja da Legas. Baƙo yakan halarci zama kyauta, mamba kuma yana biyan kuɗi duk wata shida, kuma yawanci da Turanci ake yi. Inda babu, mutum biyar sun isa su kafa tasu da Hausa: a haɗu sau ɗaya a mako, kowa ya yi minti uku, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya ƙirga kalmomin cike gurbi, a riƙa karɓa-karɓa.

In ka yi fashin mako guda ko fiye, kada ka jira farkon wata ko sabuwar shekara. Gobe da safe yi ƙaramar sigar nan ta minti biyu, ka koma mataki ɗaya baya a jerinka, ka sanar da mai bibiyarka.

9. Inda ake buƙatar likita

Gargaɗi mai nauyi: kada ka sha taramol, kodin, ƙwayar barci ko wani abu da aboki ya ce yana cire kunya. Suna dakushe tunani, suna jan harshe, kuma wanda ya yi jawabi ɗaya da su yakan ji ba zai iya na biyu ba sai da su. Ta wannan ƙofa matasa da yawa suka shiga shaye-shaye. Akwai maganin rage bugun zuciya da likitoci kan rubuta wa wasu kafin taro, amma yana da haɗari ga mai asma da mai wasu cututtukan zuciya, don haka ba abin saye a kemis da baki ba ne.

Idan tsoron ya kai ga kana fashin aji, ka ƙi karɓar ƙarin girma a wurin aiki, ko numfashi yana sarƙewa har kana jin kamar za ka mutu, kuma an shafe watanni a haka, to abin ya wuce wannan tsari shi kaɗai. Lalura ce da aka sani, ana kuma warkar da ita, galibi ta zaman tattaunawa da ƙwararre wanda zai bi da kai matakai irin na sama a ƙarƙashin kulawa, wani lokaci da magani. Asibitocin koyarwa, irin na Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Mai in'ina shi ma zai amfana da matakan nan, sai dai ya ƙara wa kansa lokaci a kan minti biyar ɗin, ya sanar da mai shirya taro tun da wuri, ya kuma tambaya a asibitin koyarwa mafi kusa ko suna da ƙwararren gyaran magana.